Yawon Buɗe Ido a Garbadu

An ce mutum kan taso daga Turai, ya biya kuɗin jirgi zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ya kama otal, don kawai ya kwanta a rana. Rana fa! Wadda a Garbadu, cikin watan Afrilu, har awaki gudunta suke yi.

Idan ya gasu, sai ya shiga tsohon garin Stone Town, yana ɗaukar hoton tsofaffin ƙyamare da bangon da ya tsage. UNESCO ma ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Mu kuwa bango na tsagewa, sai maƙwabta su ce maigida ya karye.

Sai batun nutso. Can ana biyan malami, a goya wa mutum tukunyar iska, ya nutse, ya gaida kifi, ya fito hannu rabbana. Nan kuwa, tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, yaran Mafara, Bakura da Maradun ke nutso kyauta a magudanan noman rani. Shaidar kammala karatu bulala ce, tana jira a gida.

Don haka ya kamata a kafa kwamiti. Rana muna da ita. Kango akwai. Ruwa ga shi, har da shinkafa a gefe. Teku ce kaɗai ta yi mana nisa, ita ma kwamiti zai zauna a kanta.

Mai son wuri ya hanzarta kafin damina. Kowa ya zo da tabarmarsa.