Sannunku da Ƙoƙari, Masu Rahoto

A gaishe ku, manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka. Duk shekara sai kun fito da rahoton nan mai ƙyalli kan haƙƙin ma'aikata: takarda sumul, hotuna raɗau, kowa na murmushi har kunne. An ƙidaya komai a ciki. Mata kashi kaza ne a ofis, matasa kashi kaza, baƙaƙe nawa, farare nawa, awa nawa manajoji suka yi suna koyon mutunta ɗan Adam. Lissafi ya fita tsaf.

Gwanintarku ta fi fitowa wajen sanin wanda ba za a ƙidaya ba. Matar da ke duƙe kan keken ɗinki daga safe har bayan isha'i a Dhaka ko Karachi ai ba ma'aikaciyarku ba ce, ta ɗan kwangila ce. Wandon da ta ɗinka naku ne, tambarinku ne a ƙugunsa, ribar ma aljihunku take shiga, amma ita kanta ta wani ce. Wannan dabara sai ku.

Ga kuma takardar shaida, wadda ba ta da na biyu. A watan Agusta 2012 kamfanin RINA na Italiya ya ba masana'antar Ali Enterprises da ke unguwar Baldia a Karachi shaidar SA8000, wato an duba lafiyar wurin aiki an gamsu. Bayan kimanin mako uku, ran 11 ga Satumba, gobara ta tashi. Daga baya kotu a Pakistan ta ce sa wutar aka yi. To amma da mutane suka ruga, sai suka tarar tagogi an gindaya musu sandunan ƙarfe, ƙofofin fita kuma a garƙame. Fiye da mutum 250 suka mutu, da yawansu ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita. Akasarin kayan da suke ɗinkawa na kamfanin KiK na Jamus ne. Shaidar dai lafiyarta ƙalau, ko hayaƙi bai taɓa ta ba.

Bayan wata bakwai sai Rana Plaza, bene mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka. Ran 23 ga Afrilu 2013 aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, maɗinka kuwa aka tilasta musu komawa aiki washegari. Benen ya rufta da su, mutum 1,134 suka rasu. Masu bincike sun taɓa duba wasu masana'antun ciki, sai dai ƙarfin gini ba ya cikin abin da aka aike su dubawa. Madalla da tsayawa kan aikin da aka sa mutum!

A watan Mayu 2013 ƙungiyoyin ƙwadago suka kawo yarjejeniyar da ke tilasta gyaran gine-gine, wadda za a iya gurfanar da kamfani in ya saɓa mata. Kamfanonin Walmart da Gap suka ƙi sa hannu, suka kafa tasu mai sauƙin ɗauka.

Roƙo ɗaya gare ni. A rahoton baɗi ku ƙara shafi guda: maɗinka nawa ke muku aiki, nawa ake biyan kowace a wata, kuma wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar da za su bi in wuta ta tashi.