Kokowar da Ba a Kayarwa

Taubashina na Dakoro, ban ma gama buɗe baki ba ka dire kofin shayi ka haɗe gira. I, rawa na ce. Ta mutum biyu, irin ta zamani da ake yi a kan dandamali, wani lokaci babu ganga babu kalangu, sai haki da ƙarar tafin ƙafa.

Ka ce aikin Nasara ne, bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba? Ikon Allah! Kai ne fa in kokowar takobi ta zo kake rufe shago, ka manne wa talabijin, ko sallama ba ka amsawa. Tun 1975 da aka soma ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauko takobin farko, gidanku ba a fashin kallo. To me kake kallo? Ƙarti biyu sun sunkuya goshi da goshi, kowa na auna nauyin ɗan'uwansa. Wannan ya turo, wancan ya ba shi hanya. A daɗe ana lalube ba a yi komai ba, kai kuwa har muryarka ta dushe. Yanzu kori alƙalin wasa, ɓoye takobin, ka ce musu yau duk wanda ya bar abokinsa ya taɓa ƙasa shi ya sha kaye. Ga rawar da kake wa tsaki nan.

Ka ce ai waccan maza ne zalla, wannan kuwa cakuɗa ce? Wa ya gaya maka? A 2005 Akram Khan, ɗan Landan mai asali da Bangaladash, da Sidi Larbi Cherkaoui, ɗan Beljiyam wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, sun yi tasu su biyu, maza. Tushenta ma tafiyar jirgin ƙasa ce da wani fasinja ya rasu a ciki. Germaine Acogny kuwa, mai makarantar rawa a Toubab Dialaw ta Sanagal, ta hau dandamali da Malou Airaudo, kowaccensu ta haura saba'in. Je ka ce wa kakar wani ba ta da kunya, ina nan ina jiran dawowarka.

To, na ji, akwai ta mace da namiji, kuma ana riƙe juna. Ban ce a kawo ta bakin kasuwar shanu ba, kar ka haɗa ni da liman. Amma bari in ba ka labarin guda. A 1978 wata Bajamusa, Pina Bausch, ta cika dandamali da kujeru. Mace ta rungume namiji. Sai wani na uku ya shigo, ya gyara musu tsayuwa, ya ɗora ta a hannuwan mutumin, ya juya zai tafi. Ta sulale ta faɗi tim, ta tashi ta sake ƙanƙame shi. Ya dawo ya sake gyarawa, ta sake faɗuwa. Sauri na ƙaruwa, haki na ƙaruwa, har mai gyaran ya yi tafiyarsa. Su kuwa suka ci gaba da ɗauka da saki da kansu, ba mai sa su.

Ka ce hauka ce. Ni kuwa na ce biko ne. Sau nawa kawunka ya sa babbar riga ya je ya dawo maka da uwargida daga yaji, ya zaunar da ku, ya yi nasiha, ya shafa fatiha? Kafin ya kai tasha kun koma gidan jiya. Kada ka harare ni, ba ni na faɗa ba, matar Jamus ce.

Ka ce tunda ba a magana, yaya za a gane? Haba taubashi! Ran da uwargida ta dangwarar maka da kwanon fura har ludayi ya yi tsalle, tafinta ka nema? Ko maƙwabtanka Woɗaaɓe na wajen Bermo: samari su shafe fuska, su jera, su yini suna rausaya da zare ido da nuna haƙora, budurwa ta tako a hankali kanta a sunkuye, ta ɗan miƙa hannu wajen guda. Magana ta ƙare, ba a ce uffan ba.

Kuma dai, tsakaninmu, na san abin da ke cikin salularka. Fim ɗin Kano ne, saurayi da budurwa na zagaya bishiya, an canza kaya sau biyar cikin waƙa ɗaya, an bar kamu biyu tsakaninsu don kada hukumar tace fim ta yi magana. Wannan rawar ba ka taɓa ce mata aikin Nasara ba, har maimaita ta kake.

Shayinka ya huce. Miƙo wayar in tura maka ta kujerun nan, amma ka rage murya, na ji motsin ludayi a tsakar gida.