Ku Leƙa Bayan Firjin Tukuna

Tun ranar da a-kori-kura ta sauke mini sabon firji a ƙofar gida, majalisarmu ta Tambuwal ta samu abin taunawa. Wani ya ce na sayi kabad mai tsada. Wani ya roƙi in ajiye masa takardun gona a ciki, tunda gara ba ta cin ƙarfe. Ɗan uwana na Kebbe kuwa waya ya bugo takanas, ko iyali bai tambaya ba ya ce, "Malam, wanga abu da mi zai yi sanyi, da addu'a?" To na ji. Ku matso kusa, masu dariya.

Ban musa muku zancen wuta ba. Tana zuwa kamar baƙon da bai sa rana ba, ta tafi babu sallama. Amma ku ɗin nan ne da azumi kuke tura yara da kula, tun la'asar sakaliya, suna bin layin ƙanƙara gida-gida. Kuna tsammanin a rijiya ake haƙo ta?

Waɗanda suka fi ba ni dariya su ne 'yan ɗariƙar gwanjo, masu cewa ɗan Beljiyam ya fi ƙarko. Alhaji, kafin ka biya, zagaya bayansa ko ka leƙa cikinsa, akwai 'yar takarda manne. A jikinta an rubuta irin zafin da aka ƙera shi ya jure. In ka ga N, iyakarsa digiri 32. ST ya kai 38. T ne kaɗai ya kai 43. Yanzu ka tuna watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura 40, buta ta zama tukunyar shayi. Firjin da aka yi domin ɗakin girkin Turai, ka kawo shi ƙarƙashin kwanon rufinka, tamkar ka ba Bature fartanya ne da azahar. Injin zai yi ta gurnani ba hutu, ruwan ciki kuwa ɗumi-ɗumi, sai wata rana ya yi shiru, ka ce maƙiya ne. Nawa T ne, kuma sai da na sa tabarau na karanta da idona.

Daga Sakkwato na ɗauko shi, ta Bodinga da Shagari, a tsaye, ɗaure da igiya kamar ragon layya. Direba ya so ya kwantar da shi, muka kusa rabuwa baram-baram. In aka kwantar, man da ke cikin injin yana gangarawa bututun gas. Ko da muka iso ban jona ba sai da ya kwana. Yara suka yi ta zagaya shi suna shafawa, uwargida ta ce ko sai an yi masa walima.

Abin da ke kashe firji a nan, rashin wuta bai kai rabin wuta ba, irin wadda ƙwan fitila ke ja kamar garwashi, ko wadda za a ɗauke a maido kafin ka ƙifta ido. Injin yana son 'yan mintoci ya huce kafin ya sake tashi. Shi ya sa na haɗa da sitabilaiza mai jinkirta wuta. Mai ƙyashin kuɗinta zai biya na sabon inji, ya ɗora da ladan mai gyara.

Ɗan uwana na Kebbe, kai da wutarku ta fi tamu kunya, bar mai tsaye, nemi firiza mai murfi a sama. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta tsiyayewa in an ɗaga murfi. Mai tsaye, an ɗauke wuta, awa huɗu ya fara sallama. Firiza cike maƙil takan riƙe kusan kwana biyu in ba a buɗe ba, a zafinmu ka rage wani abu. In babu nama, cika ta da gorunan ruwa.

Sai masu randa, kuma su ban raina su ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, tukunya ya sa cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen rairayi tsakani, har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Busasshen zafi irin namu ne ma ya fi dacewa da ita. Tumatir da alayyafo za su gode maka. Amma ka gwada ajiye cinyar sa a ciki, maƙwabta za su zo gaisuwa.

Hajiya, ke kuma roƙo ɗaya: in ƙanƙara ta daskare a bangon firji, kada ki ɗauko wuƙa. Bututu ne siriri a bayanta, huda ɗaya gas ya tsere, gas ɗin sababbin nan kuma, R600a, yana kama wuta. Ki kashe, ki buɗe ƙofa, ta narke da kanta. A bar taƙi guda tsakanin firjin da bangon ɗaki, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga bayansa, tuwo ya huce kafin ya shiga. Robar ƙofa kuwa, datse takardar naira ɗari ki ja. In ta zare salin-alin, sanyinki ta nan yake guduwa.

Azumi na tafe. Duk wanda ya kira firjina kabad na rubuta sunansa, kuma in ya turo yaro da kula, zan ce a koma a gaya masa ya zo da kansa.