Jinjina ga Ma'aikatan Kamfanin "An Ce"

Masu cewa babu masana'anta a Minna ba su yi wa garin adalci ba. Su leƙa teburin mai shayi a Bosso ko Tunga bayan isha'i, su ga yadda ake ƙera ɓarawo sabo fil daga mutumin kirki. Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru tana iya kwana cikin duhu, amma wannan kamfani bai taɓa tsayawa don an ɗauke wuta ba. Allah ya ƙara basira.

Rabin kayan aikinsu daga Larabci aka shigo da su. Ƙazafi asalinsa jifa ne, kamar na dutse, malaman fiƙihu suka keɓe shi ga jifan mutum da zina. Gwanayenmu suka ga filin ya yi kaɗan, suka faɗaɗa shi har ya ɗauki sata da maita da cin kuɗin masallaci. Giba kuwa tushenta ɗaya da gaibu, wato abin da ba ya nan. Wannan ai tsantsar ladabi ne: ba sa son ɓata maka rai a gaban idonka, sai sun bari ka tashi. Annamimi ma Balaraben suna gare shi, ɗan aike ne mai kai zance daga Kpakungu zuwa Chanchaga, ko kuɗin Keke ba ya karɓa.

To amma kada a ce komai namu aro ne. Ƙage ɗan gida ne, daga ƙaga, aikin da marubuta ke tinƙaho da shi. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a nan jiharmu, sai da ya sha wahalar alƙalami kafin Ruwan Bagaja ya fito. Magajinsa na yau minti biyar ya ishe shi a WhatsApp, kuma tauraron labarinsa mutum ne mai rai, da mata da 'ya'ya, da shago a kasuwar Kure. Imam bai taɓa kaiwa nan ba. Ga yarfe, daga yarfa: ka tsoma hannu a ƙazanta ka watsa, wanda ta samu ya je ya nemi sabulu. 'Yan siyasa sun san darajarsa, shi ya sa sojojin baka ba sa kwana da yunwa in zaɓe ya ƙarato. Mai kunya kuma an tanadar masa zunɗe, leɓe kawai zai turo. Wanda aka shafa wa kashin kaji, ko aka rataya wa jakar tsaba, ya gode Allah, masana ne suka yi aiki a kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne biyayyarsu ga doka. Suratun Nur ta ce wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce, kuma an daina karɓar shaidarsa. A 2000 gwamnatin Abdulƙadir Kure ta shigo da shari'ar Musulunci jihar Neja. Tsohon kundin Final Kod ma ya tanadi ɗauri har na shekara biyu ga mai ɓata suna. Kana tsammanin wannan zai razana su? Ina! Shaidunsu huɗu cif, kullum a aljihu: Malam An Ce, da Hajiya Wai, da Alhaji Na Ji, sai autansu Ba A Bakina Ba. Babu wanda ya taɓa ganin gidan ɗayansu, balle masinjan kotu ya kai sammaci.

Ga kuma sauri. Alƙali sai ya kira mai ƙara, ya kira wanda ake ƙara, ya nemi shaida, ya ɗage zama, ya sake ɗagewa. A watan Agustan 2025, a Kasuwan Garba cikin ƙaramar hukumar Mariga, an zargi wata mai sayar da abinci da furta kalmar ɓatanci. Taron jama'a ya saurari ƙara, ya yanke hukunci, ya zartar da shi da wuta, duk a yini ɗaya, kafin ƙarin jami'an tsaro su iso. Ba a ɓata takarda ko ɗaya ba, ba a kuma wahalar da ita da zuwa ɗaukaka ƙara Minna ba.