Rago, Ƙofar Mota da Ni

Ragon ba shi da laifi. Gara in wanke shi tun da wuri, tunda mun riga mun cinye shi, ba shi da bakin kare kansa.

Ana jibi Babbar Sallar 2024 na sayo shi, na ɗaure shi a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida. Ran jajibere na sa yara suka wanke motata, Corolla ƙirar 2005, shuɗiya mai duhu, suka goge ta har mutum yana iya gyara zaman hularsa a jikinta. Na kawo ta inuwa na ajiye, daidai inda igiyar ragon take kaiwa. Rago ya ɗaga kai, sai ya ga wani rago a jikin ƙofar baya yana hararar sa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja. Ina falo na ji sauran: gwaf!

Da na fito, sai na tarar ƙofar ta lotsa, faɗin murfin kwanon sha. Fenti kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ku riƙe wannan, don nan gaba za mu dawo kansa da hawaye.

Wanda bai taɓa sayen mota a Najeriya ba, ba zai gane zafin abin ba. A bakin dillalai akwai kalmar da ta fi lafiyar inji daraja, wato "fes bodi", motar da fentin kamfani ne a jikinta, ba a taɓa yi mata feshi ba. Tawa haka take tun da aka shigo da ita ta Kwatano a 2016, ana saura 'yan watanni gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Shekara takwas ina kare ta daga 'yan adaidaita sahun Kano, waɗanda suke shiga inda allura ma sai ta yi shawara. Ba su same ta ba. Ragon da na saya da kuɗina ne ya same ta.

Bayan Sallah na kai ta wajen wani mai fanal bita a wajajen Ƙofar Ruwa, dattijo mai furfura a gemu da baƙin mai a farce. Bai yi gaggawa ba. Ya tsuguna ta gefe, ya rufe ido ɗaya, ya bi jikin ƙofar da kallo inda haske yake kwanciya. Sannan ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Alhaji, wannan ai ba ta ji ciwo ba. Ta ciki zan turo ta a hankali, ba sai an taɓa fenti ba. Ka kawo dubu goma sha biyar, ka dawo bayan la'asar."

Na ce dubu goma sha biyar don turo ƙarfe? Ya ce saboda Sallah in kawo sha biyu. Ni kuwa malamin makaranta ne, rago ya riga ya yashe aljihu, litar mai da muke saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura 600. Na ce masa zan yi shawara. Ya yi murmushi irin na wanda ya san shawarar, ya san kuma inda take ƙarewa.

Da daddare na shiga YouTube. Ga wani Bature da gajeren wando, ya kwara ruwan zafi a jikin motarsa, ya sa hannu ta baya, lotsawar ta fito ɓas. Minti biyu. Na kalla sau huɗu, na ji haushin duk masu fanal bita na duniya.

Da safe na ce wa uwargida ta dafa mini ruwa a babbar tukunya.

"Malam, wanka za ka yi da tafasasshen ruwa a wannan zafin?"

"Gyaran mota zan yi."

Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake faɗa wa mai shirin haƙa rijiya da cokali.

Na kwara ruwan. Ƙofa ta yi tururi, ta yi tsaf, ta zauna yadda take. Abin da ya canza kawai shi ne babban yatsan ƙafata, don da silifa na fito. Sai daga baya na lura cewa bamba Baturen nan ya zuba wa ruwa, ita kuwa roba ce, zafi kaɗan ke sa ta laushi. Ruwa komai tafasarsa ba ya wuce digiri 100. Ƙarfe a wannan zafin ko gezau ba ya yi, shayi kawai ka ba shi.

Maƙwabcina, wanda ya yi ritaya kuma tun daga ranar ya zama mai ba da shawara kyauta ga duk unguwa, ya jawo kujerarsa ya zauna. Ya ce shi ya taɓa jin ana amfani da robar nan ta buɗe toshewar masai. Na aiki yaro ya sayo sabuwa, don ko a cikin wauta akwai tsafta. Na jiƙa bakinta, na manna, na dafe ƙafa a taya, na ja.

Ɓas!

Wallahi ta fito. Ba duka ba, amma ta fito. Yara suka yi shewa, maƙwabci ya ce, "Ka gani ko, Malam? Da yanzu ka ba wa wani kuɗinka a banza." Na tsaya ina huci kamar wanda ya kayar da Shago a dambe. Na buɗe ƙofar, na rufe ta da ƙarfi don in nuna aiki ya kammala.

Ɓas! Ta koma.

Na sake ja, ta fito. Na taɓa da yatsa, ta koma. Abin ya zama kamar murfin gwangwanin madarar gari: ka danna ya shiga, ka saki ya fito. Kafin azahar 'ya'yan unguwa sun yi layi, kowa yana so ya danna sau ɗaya. Dalilin, kamar yadda aka karantar da ni daga baya a gaban jama'a, shi ne idan ƙarfe ya bugu miƙewa yake yi, ya fi wurin zamansa faɗi. Rarar nan dole ta sami inda za ta je, ko ciki ko waje. Jan da nake yi ƙara miƙar da shi kawai yake.

A nan ya kamata in tsaya. Har a lokacin fenti lafiyarsa ƙalau, dubu sha biyun nan kuma tana jira na a Ƙofar Ruwa. Amma mutum goma sun ga na fara, kuma uwargida tana leƙe ta taga. Ba kuɗi nake karewa ba kuma, girma nake karewa, shi kuwa ya fi fanal bita tsada.

Na tuna dattijon ya ce ta ciki ake turowa. To, me zai hana? Na ɗauko sukundireba na fara ɓalle murfin cikin ƙofar. Ashe wasu 'yan maɓallan roba ne suke riƙe da shi, waɗanda ranar shekara goma sha tara ta gasa su. Duk wanda na taɓa sai ya ce ƙas. Na ƙirga bakwai, na daina ƙirgawa. Bayan murfin akwai leda da aka manna don tare ruwa, na yage ta. Bayan ledar kuma ba fili ba ne kamar yadda na zata: wasu 'yan ramuka ne da hannu ke shiga da ƙyar, ga wayoyi, ga ƙarafan da ke ɗaga gilashi, ga wani ƙaton ƙarfe a gicciye da aka sa don kare fasinja in an buge mota ta gefe. Lotsawar tawa kuwa ta je ta ɓuya daidai bayansa.

Na fara gwada taɓarya. Ba ta shiga ba, kuma mai ita ta fito ta karɓe abarta ba tare da ta ce uffan ba. Sai na zura sifanar kwance taya, na saita tsakiyar lotsawar da ƙiyasi, na bi ta da guduma. Sau ɗaya, sau biyu, sau shida, har da bisimilla.

Na zagayo in ga aikina. Lotsawar tana nan. Amma yanzu a tsakiyarta akwai ƙuraje shida sun tsiro waje, kowanne da fenti a tsage a kansa kamar tauraro. Maƙwabci ya ce zai je ya yi alwala. Ƙarfe uku ma ba ta yi ba.

Garin gyaran gira, ido ya tafi. Gilashi ya sauka ya ƙi hawa. Ƙofar kuma ta koyi sabon hali: tana buɗewa ta waje, ta ciki sai dai haƙuri.

Mai hankali zai ce nan ma ai an tsaya. Ina! Na je kasuwa na sayo fila, da samfefa, da fentin gwangwani. Mai shagon ya tambaye ni wane shuɗi, na ce shuɗi dai, na mota. Shi fila kamar kwaɓin fulawa yake, ana ɗiga masa wani jan magani ɗan kaɗan don ya daskare. Na ce in kaɗan yana aiki, da yawa zai fi. Na matse rabin tub a kan farantin tangaran na uwargida. A zafin Yuni, kafin in gama juyawa ya kama, cokalin yana tsaye a ciki har yau. Kwaɓi na biyu na yaɓa shi da sauri kamar mai yaɓen katanga ana hadari.

Feshin kuwa na bari sai dare, don in huta da idon unguwa. Na kunna fitila mai caji na rataye a darbejiya. Na manta an yi ruwa da yamma. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ke fitowa bayan ruwan farkon damina in ya ga haske. Ina fesawa shinge suna sauka. Da gari ya waye, ƙofar motata tana da wani tabo shuɗin bokiti, mai tudu da kwari, an yi masa ado da fukafukai.

Na koma Ƙofar Ruwa da gilashi a sauke, na rufe wurin da tsohon kalanda.

Dattijon ya cire kalandar. Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya kira yaransa, su biyar, har da wanda ke ƙarƙashin wata mota.

"Ku zo ku yi karatu. Nan, an ja da roba, kun ga zagayen. Nan sifanar taya ce, bugu shida. Wannan fila ne aka sa wa magani kamar ana zuba yaji." Ya tsuguna ya ƙura ido. "Wannan kuma... Malam, gara ce?"

Na lura na sauka daga Alhaji zuwa Malam. Na ce wani yaro ne ya taɓa.

"Allah ya shirya yaron," in ji shi. "Da ganin bugun nan, yaron ya kai shekara arba'in da biyar."

Kwana uku motar ta yi a wurinsa, kuma na zauna na kalli aikin, tunda ba ni da sauran girman da zan tsare. Ya kankare filata duka har ƙarfe ya fito fari. Ya ɗauki wani dunƙulen ƙarfe mai santsi ya tokare ta ciki, da 'yar ƙaramar guduma ta waje. Abin da ya ba ni mamaki, ko kusa da tsakiya bai fara ba. Daga gefe ya faro, inda ƙarfen ya yi gezar da ido ba ya gani sai tafin hannu, yana zagayawa yana matsowa ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, bugun da ko ƙwai ba zai fasa ba. Ya ce lotsawa ta inda ta ƙare ake fara kwance ta, kamar ƙulli.

Da ya zo wurin da ke shiga yana fita, sai ya kunna wutar walda ta gas. Ya ɗora bakin harshen wutar a wuri ɗaya har ya yi ja, faɗin kwabo, ya bubbuga kewayensa da sauri, ya danna jiƙaƙƙen tsumma. Cuuu! Ƙarfen ya tsuke. Ya yi haka sau uku, ya danna da yatsa, shiru, ba ɓas. Ya ce shi a kan Peugeot 504 ya koyi aiki, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, lokacin da jikin mota ke ɗaukar duka. Na yanzu kuwa kaurin fatar ƙofa bai kai milimita ɗaya ba, lallashi take so.

Mai feshi kuma bai tambaye ni wane shuɗi ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya karanta wata lamba a jikin 'yar takardar da ke manne a ginshiƙi, wadda na shekara takwas ina wucewa ta gefenta. Lambar launin motar ce. Duk da haka sai da ya yi ta gwaji a kan guntun ƙarfe yana karawa da jikin motar a rana, don fentin da ya sha ranar Kano ya riga ya bar launinsa na kamfani.

Lissafi: bugu da feshi dubu hamsin da biyar. Gyaran gilashi da makulli dubu tara. Maɓallan roba dubu biyu. Kayan da na saya da kaina dubu goma sha ɗaya. Farantin tangaran, an ce daga cikin kayan ɗaki yake, saiti ne, ba a sayar da ɗaya. Wannan shari'ar har yanzu ba a rufe ta ba.

Ƙofa ta yi kyau, ban da abin cewa. Sai dai ranar da wani dillali ya zo duba motar abokina, ya wuce ta gefen tawa, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da bayan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta baya, ya karkata kai. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ta sha feshi ko?" Ban ma ce ina sayarwa ba.

Watan jiya da sassafe aka yi sallama. Maƙwabcina ne, mai shawara. Ɗansa ya goga motarsa a ƙofar gareji, ta lotsa ta gefe, fenti bai taɓu ba. Ya ce ya tuna ni na san kan aikin nan, ko robar tana nan?

Na shiga na ɗauko masa ita. Na ce amma ya fara da ruwan zafi. Sannan na jawo kujerata.