Yadda Ake Gyara Unguwa Ba Tare da An Ɗinka Anko Ba

Duk wanda ya yi damina a Tudun Wadan Zariya ya san yadda ruwan Agusta yake tona asiri. Kwatar da aka shekara ana ɗura wa ledar fiya wata sai ta tumbatsa, ruwa ya hau layi yana lalube hanyarsa zuwa rafin Kubanni, ya leƙa zauren Alhaji, ya leƙa shagon tela, bai bar kowa ba. Washegari kuma a teburin mai shayi za ka ji jawabai masu zafi a kan abin da ya kamata gwamnati ta yi. Wasu jawaban ma sun fi na majalisar dokoki tsari. Shayi na ƙarewa, kowa ya tattare ƙafar wandonsa ya tsallake kwatar ya wuce.

To ƙanena, idan kana cikin waɗanda abin yake ci musu rai da gaske, zauna in ba ka shawara.

Kada ka fara da kafa ƙungiya. Idan mutum bakwai suka zauna kafa ƙungiya a layinmu, kafin la'asar an sami shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi da jami'in hulɗa da jama'a. Ƙirga da kyau, bakwai ɗin ke nan sun ƙare, babu wanda ya rage da zai ɗauki shebur. Zama na biyu za a ɓata shi wajen zaɓen launin anko, na uku wajen neman babban mai ƙaddamar da kalanda. Kakanninmu da suke aikin gayya ba su taɓa buga kalanda ba. A faɗa wa mutane rana, a dama fura, makaɗi ya zo, kafin azahar an nome gonar. Sunan ƙungiya da rajista da hatimi duk suna da ranarsu, kuma ranar tana zuwa ne bayan mutane sun ga aiki da idonsu.

Sannan ka zaɓi abu guda, ƙarami, wanda za a iya gamawa a Asabar ɗaya, makaho ma ya shaida an yi domin ƙafarsa ta daina faɗawa ciki. Na san zuciyarka tana kan matsalar ruwan Zariya gaba ɗaya. Wannan aiki ne da ya sha kan gwamnatoci ɗaya bayan ɗaya, sai da aka haɗa da madatsar Galma da rancen manyan bankuna kafin a buɗe sabuwar matatar ruwa a 2017. Kai baro ɗaya gare ka, shi ma na aro. Amma fanfon burtsatsen da ke bayan makarantar Islamiyya, wanda ya mutu saboda ƙaramin ƙarfe guda, wannan daidai wuyanka ne. Haka kwalbatin bakin layi, haka jujin da ya fara cin hanya.

Kafin ka taɓa ko tsinke, je ka gaida mai unguwa. Cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke so su yashe kwata, muka ce sai mun nemi albarkarka." Kada ka je masa da takarda mai shafi goma da kalmomin da ka kwaso a ajin jami'a na Kongo. Shi ne ya san wanda ya gina shago a kan magudanar ruwa, ya san kuma bakin da mutumin yake jin kunya. Idan maganar ta fi ƙarfinsa, shi zai kai ta gaba wurin dagaci da hakimi, ta hanyar da Masarautar Zazzau ta saba bi. Daga nan ka wuce wurin liman. Sanarwar minti ɗaya bayan sallar isha'i ta fi saƙo ɗari a waya isa kunne. In akwai coci a layinku, a gaida fasto shi ma, domin ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida.

Za ka haɗu da mutum uku, ka shirya musu tun yanzu. Akwai Baba mai cewa "an sha yi". Tun zamanin En'e yake ganin samari irinka suna tasowa suna lafawa, kuma gaskiyarsa ce. Kada ka yi musu da shi. Shimfiɗa masa tabarma a inuwa ranar aikin, ka roƙe shi ya duba muku ko kuna yi daidai, za ka ga kafin hantsi shi ke ba da umarni, har yana aika jikansa ya ɗauko diga. Akwai mai alkawarin tifa, wanda zai buga ƙirji ya ce kwashe shara a bar masa, ranar Asabar kuma wayarsa a kashe. Yi masa godiya, ka nemi masu kura a gefe. Na ukun shi ne mai zuwa da babbar riga da mai ɗaukar hoto, musamman idan zaɓe ya matso. Idan ya kawo siminti ku karɓa, ku rubuta, ku yi masa addu'a. Idan ya ce a sa hularsa a kan aikin, ku ce layin na kowa ne. Ranar da aka ce kwatar nan ta jam'iyya kaza ce, rabin masu shebur sun koma gida.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe, wato mata. Taronku na ƙofar gida zai yi ta yanke hukunci a kan ruwa da shara, alhali waɗanda suka san farashin jarka a wurin 'yan garuwa yau da safe suna cikin gida ba a tambaye su ba. Uwar adashin layinku ta shekara da shekaru tana tara kuɗin mutane tana rabawa ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wane ma'aji kake nema bayan ita? Aika mata da gaisuwa ta hannun ƙanwarka ko matarka, a ce, "Hajiya, ana neman shawararki." Garin nan ne ya haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933. Daga Sabon Gari, tsallaken Kubanni, ta fara tara matan jam'iyyar NEPU tun tana matashiya, ta sha duka da ɗauri a kan mata su sami bakin magana, kuma ta rayu har ta ga matan Arewa sun jefa ƙuri'a a shekarun 1970. Yau sunanta ne a kan babban asibitin Ƙofar Gayan. Abin kunya ne a garin Gambo a yi taron gyaran unguwa babu muryar mace ko ɗaya.

Kuɗi kuwa shi ke kashe zumunci da rana tsaka. Duk naira da ta shigo a rubuta, duk wadda ta fita a rubuta, a karanta a bainar jama'a, a manna takardar a bangon da kowa ke wucewa. Har kuɗin ruwan sanyin da aka saya wa ma'aikata. Mutum zai yafe maka kwatar da ba ta yasu da kyau ba, amma ɗari biyar ɗinsa da ba a faɗi inda ta shiga ba, zai ba jikokinsa labarinta. Kuma kafin ku fara karo-karon sayen taransifoma, ku sani hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da waya haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne. Ku fara da rubuta ƙorafi.

Rubutun ma akwai dabara. Shafi ɗaya, matsala ɗaya, hoto biyu, sa hannun mai unguwa da na magidanta. Ku yi kwafi biyu, ku kai wa kansila da sakatariyar ƙaramar hukumar Zariya, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Za a ce ku dawo jibi. Ku dawo jibin, da fara'a, ku gaida masinja da sunansa. Idan kuma aikin mazaɓa ne na ɗan majalisar tarayya aka kafa allonsa aka tafi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambayar ma'aikatar da ke riƙe da shi, ta kuma ba ta kwana bakwai ta amsa. Masu Tracka na ƙungiyar BudgIT bin sawun irin waɗannan ayyuka ne sana'arsu, kuna iya duba abin da aka ware wa yankinku a wurinsu. Kai ƙorafi a rubuce ba baƙon abu ba ne a nan, tun 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a hannun Abubakar Imam talakawa suke aiko da wasiƙu.

Zauren WhatsApp ku buɗe, amma da doka: maganar layi kawai. Mai turo maganin basir da mai turo gardamar Arsenal a nuna musu wani zauren.

Ranar aikin ku fito bayan asuba kafin rana ta yi zafi, a samo safar hannu da takalmin roba ko na aro ne, domin kwata tana ɓoye fasasshiyar kwalba. A hana ƙananan yara shiga. Kuma ku tabbata masu kura suna tsaye kafin shebur na farko ya shiga. Layuka da yawa sun yashe kwata tsaf, suka jibge dagwalon a bakinta ya bushe wai sai Litinin, daren Lahadi aka yi ruwa ya mayar da shi inda ya fito. Ku kwashe a ranar, ku kai inda hukuma ta ware, sannan kafin a watse, tun ana wanke hannu, a tsayar da Asabar ta gaba da wanda zai kawo kunu.