Wasiƙa daga dajin da aka shuka da hannu

Zuwa ga taubashina a Gure,

Yaya kawu da inna, yaya amarya da yara? Ɗan gwaggonka na Faransa yana nan lafiya ƙalau, kuma ya samu labarin da kake bazawa a majalisa, wai yana kwana a bene mai hawa talatin, ya manta da launin ƙasa. To ka gyara zama, domin mutumin nan ya fi ka zama ɗan daji yanzu.

Inda yake aiki sunansa Land, kudu da birnin Bordo, a bakin tekun Atilantika. Daji ne da ya kai kusan hekta miliyan 1, kuma kusan duk itace iri ɗaya ne, wanda ake kira fain: dogo, miƙaƙƙe, ganyensa siri-siri kamar allura, ba ya kaɗewa rani da damina. Mota za ta yi awa biyu tana gudu, dama fain, hagu fain, a jere reras. Jerin nan shi ke tona asirin dajin, domin mutane ne suka shuka yawancinsa.

Kafin nan fadama ce da rairayi. Iskar teku tana turo tuddai suna binne gonaki da gidaje, abin da kai da ke Gure ba sai an yi maka bayani ba. A ƙarshen ƙarni na 18 wani injiniya mai suna Nicolas Brémontier ya jagoranci aikin tsayar da tuddan: a watsa irin fain haɗe da na ƙananan tsirrai, a rufe da rassa don kada iska ta kwashe. Sai a 1857, zamanin Sarki Napoliyon na Uku, aka yi dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi su janye ruwan fadamun su shuka itace. Makiyayan tumaki ba su ji daɗi ba, don makiyayarsu ce ta tafi, har wasu suka riƙa cinna wa sabon dajin wuta.

Waɗannan makiyaya su ne abin kallo. Saboda ruwa da ƙaya, kan dogayen sanduna suke tafiya, ɗaure a ƙafafunsu, suna hango garke daga sama suna saƙa. A 1891 wani mai gasa burodi daga garin Arkasho, Sylvain Dornon, ya hau irin sandunan ya taka daga Faris har Mosko cikin kwana 58. Kai kuwa kasuwar da ke bayan gidanka sai an nemo maka babur.

Tudu ɗaya ya gagari kowa. Sunansa Pila, shi ne tudun rairayi mafi tsawo a Turai, ya haura mita 100, kuma duk shekara yana matsawa cikin daji da 'yan mitoci yana haɗiye itatuwa. Turawa suna zuwa daga nesa, su biya kuɗin ajiye mota, su hau ta matakalar da ake kafa musu lokacin baƙi, su kai sama suna haki suna ɗaukar hoto. Ɗan gwaggonka yana ganin da ka zo nan da ka zama malami, don hawan tudu ne kaɗai aikin da ba a taɓa jin ka yi ƙorafi a kansa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar ka, tunda kai ne maharbin da har yau ba a ga naman da ya kawo gida ba. Dajin cike yake da barewa da aladen daji, waɗanda ke fitowa da dare su tone gonakin masara. Amma ba a ɗaukar bindiga haka kawai: sai an ci jarrabawa an karɓi lasisi, kuma kowace dabba da lokacinta. Babban bikinsu a watan Oktoba yake, sa'ad da garken wata babbar kurciya mai ruwan toka ke ratsawa zuwa Sifaniya. Magidanta sukan ɗauki hutu su tare a bukkokin da suka gina cikin daji, masu dogayen hanyoyi rufaffu da ganye. Suna ɗora kurciyoyi masu rai a kan itatuwa, su ja igiya daga ƙasa, tsuntsun ya kaɗa fiffike, na sama su ɗauka wurin hutawa ne su sauko, a lallaɓa su har ƙasa inda raga take. Ana yin wuni guda ba a ɗaga murya ba, kuma nan ne za ka faɗi jarrabawar.

Da sanyi ya shiga, dangin gauraka marasa tukku suna zuwa daga arewacin Turai dubbai-dubbai, su sauka a Arjuzan, wani tsohon wurin haƙar kwal da ya zama tafki. Da asuba su tashi kiwo a gonakin da aka girbe, kukansu yana cika sama. Wannan kam ya cancanci a bar bargo a fita don shi.

Da kaka kuma kowa ya ɗauki kwando neman laimar kwaɗi. E, ci suke yi, da tsadarta ma, kuma wanda ya san inda take fitowa ba ya gaya wa ko ƙaninsa. Akwai mai kisa a ciki, shi ya sa baƙo ba ya tsinka sai da ɗan gari. Akwai kuma wata tsutsa mai gashi da ke saƙa farin gida a kan rassan fain, ta sauko a ƙarshen sanyi a jere, kan wannan a bayan wancan. Gashinta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, kare ya lasa harshensa ya kumbura. A bakin teku ma da doka: tsakanin tutoci ake wanka, domin akwai ramukan da ruwansu ke jan mutum zuwa tsakiya.

Tsofaffin yankin suna nuna tabon da ke jikin manyan itatuwa, inda iyayensu ke tsaga ɓawo su rataya ɗan kaskon yumɓu su tari ƙaro, a kai masana'anta. Sana'ar ta mutu wajen 1990. Yanzu katako da takarda ake samu.

Abin da suke tsoro shi ne wuta. A 1949 gobara ta kashe mutum 82 a dajin nan. A Yulin 2022 wata ta ci kusan hekta 7,000 a gefen tudun Pila, da sansanonin masu yawon buɗe ido. Guguwar Janairun 2009 ma ta kayar da itatuwa ba iyaka. Duk da haka an share an sake shukawa, ana kuma buɗe hanyoyin tare wuta, da zafi kuwa akan hana shiga wasu sassan.

Saboda haka, taubashi, shingen da ake kafawa a tuddan bayan gari da dashen da aka ba ka ka kula da su, ka duba su da kanka, ka hana awaki kai musu baki. Kuɗin sharar bana yana tafe ta hannun direban da ka sani. Ka aiko da kuka da daddawa, ka gaishe da mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Ɗan gwaggonka na Faransa